Ina zan samu mai ba da shawara da ba za ta ce min "tunaninki ne kawai" ba?

Maman Afnan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda ke Ingila ku taimaka min. Shekarata biyu ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma tun bara barci ya ƙaurace min, da na tuna gobe akwai aiki sai gabana ya hau faɗuwa. Manajarmu duk aikin dare mu baƙaƙe take jibga wa, akwai tsohon da ke kirana da sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba, in na kai ƙara a ce ai rikicin tsufa ne, kuma ba halin in ɗaga murya tunda bizata a hannunsu take. Wurin aikin sun haɗa ni da wata mai ba da shawara kan damuwa. Matar tana da kirki wallahi, amma da na gama ba ta labari sai ta miƙo min takarda wai in rubuta hujjar cewa ana nuna min bambanci, a ɗaya gefen kuma hujjar cewa zargina ne kawai. Da na ce duk wata ina tura wa su Mama kuɗi, wai in koyi sa musu iyaka. Iyaka da uwata? Daga zama na uku ban koma ba. Akwai masu wannan aikin da suka san irin rayuwarmu kuwa?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Akwai su. Wasu tun a horonsu an koya musu cewa ba duk ciwon rai ne daga cikin kan mutum yake tasowa ba, wani daga zaluncin da ake masa ne, wariya ko talauci ko biza irin taki, don haka ba sa fara aiki da gyara miki tunani kamar ke ce matsalar. Takardar nan da ta ba ki tana da amfani ga mai wasiwasi, amma wanda ake taka wa ƙafa ba hujja za a tambaye shi ba.

Ki shiga shafin BAATN, ƙungiya ce ta masu wannan aikin baƙaƙe da 'yan Asiya, suna da jerin sunaye. Akwai kuma MCAPN ta Musulmi. Amma ki kula, a ƙasar nan doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, ko bai yi karatun ba, saboda haka ki duba ko sunanta na cikin rajistar BACP ko UKCP, manyan ƙungiyoyin da ke tantance masu wannan aikin. Da yawansu suna yin gajeriyar waya kyauta kafin a fara, to a nan ki yi musu tambaya ba kunya: kin taɓa aiki da wanda ake wa wariya a wurin aiki? Ya kike kallon wanda ke ɗauke da nauyin iyayensa? In na kawo maganar sallah da ƙaddara ya za ki ɗauka? In kika ji ta fara kame-kame, ki yi gaba. In kuma kuɗi ne matsala, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, na da nasu kyauta, ke da kanki za ki iya cike fom ba sai likita ya tura ki ba, sai dai layi.

Abu Sadik:
Ni dai Maman Afnan ki riƙe azkar da tsayuwar dare, bature ba zai taɓa gane mu ba.

Ɗan Zazzau:
Malam Abu addu'a ai ba ta hana shan magani. Kuma ba maganar bature ba ce kaɗai, ni wanda na fara gani Musulmi ne ɗan uwanmu, duk abin da na faɗa sai ya ce haƙuri, har na ji kamar gaban kawuna nake zaune. Wadda ta fi yi min amfani 'yar Jamaika ce, ba ta san komai a kan Hausawa ba amma ta iya tambaya, kuma ba ta taɓa sa ni rantsuwa kafin ta yarda an wulaƙanta ni ba. Abin ma ba sabo ba ne, Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a asibitin Blida a Aljeriya daga 1953 ya nuna yadda mulkin mallaka kansa ke haifar da ciwon ƙwaƙwalwa, shi kuma Farfesa Lambo a Aro ta Abeokuta tun 1954 yake ajiye marasa lafiya a ƙauye tare da danginsu, bai ce a raba su da gida ba.

Sannan Hajiya, mai ba da shawara ba za ta canja miki jadawalin aiki ba fa. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta bambanci saboda launi ko addini. Ki shiga ƙungiyar ma'aikata irin su Unison, ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa da wanda ke wurin, ki kuma kira ACAS, hukumar da ke ba da shawara kan rikicin wurin aiki, shawararsu kyauta ce. Kada ki ajiye aikin cikin fushi, in aka yanke biza yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyi.

Maman Afnan:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Bilki na duba, na ga mata biyu da ke yi ta bidiyo, ɗayar ta rubuta tana rage kuɗi ga masu ƙaramin albashi, na tura mata saƙo yanzu. Ɗan Zazzau, hoton jadawalin wata huɗu na nan a wayata, shi ma zai shiga cikin abin da zan ajiye ko sai wanda na rubuta da hannu?