Jama'a me za mu kira "heat pump" da fankarsa ta waje?

Salam 'yan uwa, masu Hausa a baki ku matso kusa. Gidan da muka koma haya a nan Ingila babu tukunyar gas ɗin da aka saba ɗumama gida da ita, heat pump mai gidan ya saka, dama tun 2023 gwamnati ke ba masu gidaje tallafin fam 7,500 su canza. Shekaranjiya muna waya da Hajiya ta bidiyo ta hango akwatin a bayan gida yana ta juya fanka, sai cewa ta yi "kai kuma esi ka kunna a wannan sanyin?" Wallahi na buɗe baki zan yi bayani na rasa sunan da zan kira shi.

Kuma fa ba ta yi kuskure sosai ba, esi ne aka juya masa aiki. Esi yana kwashe zafin ɗaki ya watsar waje, shi kuma wannan yana kwaso zafin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi gida, eh ko ana tsananin sanyi akwai sauran zafi a iska, tunda gas ɗin cikinsa irin su R32 yana tafasa tun wajen digiri 50 ƙasa da sifili. Aikin fankar kawai ta riƙa jawo iska ta ratsa lagireton nan mai siraran ƙarafa, in ta tsaya babu abin kwasa.

Na fara da "famfon zafi" uwargida ta ce a kai kasuwa, duk wanda ya ji famfo ruwa zai kawo a ransa. "Hita" ma bai yi ba, hita ƙona wuta take ta haifar da zafi, ka ba ta yunit 1 ta ba ka 1, wannan kuwa yunit 1 na iya jawo maka kamar 3 saboda ɗauko shi yake ba ƙirƙira ba.

Ƙari: na ga amsoshinku, Allah ya saka. Wani oga mai gyaran esi a Kano ya ce su dai "awutdo" suke ce wa akwatin wajen, da "fan moto" da "kafasita" (ɗan abin da ke tayar da moton fankar), kuma kwastoma na ganewa. Oga na yarda, a bakin aiki ba mai canza muku, amma Hajiya fa? Wani malami kuma ya kawo "majanyin ɗumi", ya ce ɗumi ake nema ba zafi ba. Malam kalmar ta yi daɗi ainun, inda na tsaya shi ne wasu injinan suna aiki gaba da baya, da rani su fitar da zafi waje, ka ga nan ba ɗumi suke ja ba. Shi ya sa na fi karkata ga wadda wata baiwar Allah ta faɗa da wasa, "ɗan dakon zafi". Dako ai ɗauka ne daga nan a kai can, ko ta wace fuska. To ni dai "injin dakon zafi" na riƙe, fankar kuma "fankar waje", ba sai an wahalar da kai ba.

Saura guda ɗaya, abin da suke kira defrost. Wata asuba na leƙa na ga fankar ta tsaya cak, tururi na tashi daga akwatin, ruwa na ɗiga ƙasa, na ce shi ke nan ya ƙone. Ashe lafiyarsa ƙalau, ƙanƙara ce ke kama lagireton saboda ya fi iskar waje sanyi, sai injin ya tsayar da fankar da kansa ya tura gas mai zafi ya narkar da ita, 'yan mintuna kaɗan ta ci gaba da juyawa. Wannan nake so mu kira "hutun narke", don a bambanta shi da tsayuwar lalacewa, wadda za ka ji moto na gurnani fanka ba ta motsi, a tsofaffin injina yawanci kafasita ce ta mutu, sababbin masu inbata kuma sai dai mai gyara ya duba. Kar a zura sanda ana tura fankar a bar injin yana aiki a haka, moton ne zai tafi.

Kulawar ba wani abu ba ne, a kashe wuta tukuna, a kwashe ganye da leda, a bar masa fili ta ko'ina kar a jingina keke ko bola a gabansa, a wanke lagireton da ruwan tiyo a hankali don ƙarafan nan ko da yatsa lanƙwashewa suke.

Su waɗannan siraran ƙarafan ne ma har yanzu ban samu suna ba. Wani ya ce "haƙarƙari", wani ya ce "matsefi". Oga na Kano, ku me kuke ce musu a shago?