Sankarar ƙoda ko ciwon dajin ƙoda? Mu tsayar da guda

Jama'a, ina rubuta 'yar takardar faɗakarwa da za a raba a ɗakin jiran likita, sai na cije a kan fassarar kidney cancer. Sunaye uku ne a gabana: kansar ƙoda, ciwon dajin ƙoda, sankarar ƙoda. Na ɗauki na ukun, ga dalilina.

"Ciwon ƙoda" zalla dai ba zai yi ba. Kana faɗa hankali ya tafi kan wankin ƙoda da kumburin ƙafa. Mai wannan cuta kuwa, ƙoda ɗaya na iya lalacewa ɗayar tana aiki garau. "Kansa" aro ce, tsohuwa a ƙauye ba ta ganin komai a cikinta.

"Daji" ya fi yawo a baki, na sani. Amma yana tafe da kayansa. Wa bai taɓa jin an ce daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe ba? Da an ambace shi sai a nufi mai maganin shafawa. Ita kuwa wannan cuta, in an kama ta kafin ta bazu, babban maganinta tiyata ne: a yanke wurin da ya lalace, ko a cire ƙodar ɗungurungum, mutum ya ci gaba da harkarsa da guda. Yaya zan sa mata sunan da ke kore mutum daga ɗakin tiyata?

Sankara fa? Ku tambayi 'yan goro. Goro fes a ido, ka ɓara ka tarar an cinye shi ta ciki. Halin wannan cuta ke nan sak. A ƙasashen da hoton ciki ya wadata, fiye da rabin masu ita ana gano su ne an je neman wani abu daban. Alamomi ukun da ake koya wa ɗaliban likitanci, wato jini a fitsari, ciwon kwiɓi gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, da ƙululu a ciki, ba sa haɗuwa sai ga kamar mutum 1 cikin 10, kuma galibi lokacin ta yi nisa. Sauran alamomin a ɓoye suke zuwa: rama ba dalili, kasala, gumin dare, zazzaɓin da aka sha maganin maleriya ya ƙi sauka.

Wani ɗan'uwa ya ce a wurin jini a fitsari in sa "tsargiya", tunda kowa ya san ta. A'a, malam. Tsargiya tsutsa ce da ake kwasowa a kududdufi da madatsar ruwa, ta fi kama yara, jininta kuma a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. Dattijo ɗan shekara 60 mai shan taba ko mai hawan jini, da fitsarinsa ya koma kamar zoɓo, babu zafi, yau ya zo gobe ya ɗauke, in ka ce masa tsargiya ce ka kwantar masa da hankali a inda bai kamata ba. Na bar shi "jini a fitsari", ko sau ɗaya aka gani a je a yi hoto.

Akwai kuma ta yara, wadda Turawa ke kira da sunan Max Wilms, likitan Jamus da ya yi rubutu a kanta a 1899. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, sau da yawa uwa ce ke jin tauri a cikin yaro wajen wanka, a ce mata saifa ce. Wannan na rubuta "sankarar ƙodar yara".