Me za mu kira "saflimen" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "ciko"

Jama'a, akwai kalmar da ke yi wa masu bayanin lafiya cikas: saflimen, wato ƙwayoyi ko gari ko ruwa masu ɗauke da bitamin, ma'adanai ko furotin, waɗanda ake sha baya ga abinci. Na karanta shawarwarin da kuka kawo na fassara ta: "ƙarin abinci", "magani" da "ƙarin ƙarfi". Ina so mu gwada kowace a kan mutum guda, wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, don shi lafiyarsa a kan waɗannan abubuwa ta rataya.

Ga halin da yake ciki. A tiyatar da aka fi yi yanzu, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn bututu. Ɗayar kuma, wadda ta samo asali daga aikin likita Edward Mason na jami'ar Iowa a Amurka a shekarun 1960, ana ware ɗan aljihu a saman tumbin, yau bai fi ya ɗauki mililita 30 ba, a jona shi da hanji ta can gaba. Abinci sai ya tsallake farkon ƙaramin hanji, alhali a nan ne jiki ya fi tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfe, da kalsiyam.

To, "ƙarin abinci" ta faɗi tun a nan. Mutumin da loma kaɗan ke cika wa ciki, ka ce masa ya nemi ƙarin abinci? Zai ɗauka faranti na biyu kake nufi, abin da aka yi tiyatar don a hana.

Malamin da ya kawo "magani", Allah ya ƙara basira, amma ita na fi jin tsoro. A kunnen mai sauraro, magani abu ne da ake sha a warke a ajiye. Wannan kuwa ba ranar ajiyewa. Tumbi ne ke fitar da sinadarin da bitamin B12 ke buƙata kafin hanji ya karɓe shi, kuma abin da aka yanke ba ya tsirowa. Mugun abin shi ne hanta tana da ajiyar B12 da kan kai shekaru. Sai mutum ya daina sha, ya ga lafiyarsa lau, ya ce ai ya warke. Can daga baya ƙafa ta fara dindiris, jini ya yi ƙasa, mantuwa ta shigo. Na bitamin B1 ma ya fi sauri: ajiyarsa makonni ce kawai, kuma wanda ke yawan amai bayan tiyata zai iya samun lahani a ƙwaƙwalwa in aka yi sakaci.

Ko a doka ma ba ɗaya ba ne. Tun dokar 1994, a Amurka ana lissafa waɗannan kayayyaki a ɓangaren abinci, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta tantance su kafin su shiga kasuwa yadda take yi wa magunguna. In muka ce magani, mun ara musu darajar da ba su nema ba.

"Ƙarin ƙarfi" kuwa, kowa ya san inda tunanin mutane zai tafi. Mu wuce.

Shi ya sa na ce "cikon abinci", ko "ciko" a taƙaice. In ka biya kuɗi ba su kai ba, abin da za ka kawo a rufe giɓin shi ne ciko. Ba kyauta ba ce, ba ƙari ba ne, abin da ya rage a kanka ne. Kalmar da kanta tana cewa akwai giɓi, kuma tana tambayar nawa ne.

Ku gwada ta a kan furotin. Masana wannan tiyata sun yi ittifaƙi kada ya gaza giram 60 a rana, wasu ma har 80 zuwa sama. A watannin farko da wuya ɗan tumbin nan ya ɗauki haka daga abinci kaɗai. In furotin ya gaza, jiki ba kitse kawai zai ci ba, har tsoka zai haɗa. Sikeli zai nuna an rame, a yi ta murna, alhali abin da ke ƙona abinci ko mutum yana kwance ne ke zagwanyewa. Sai likita ya ce, "Ka ci giram 40, kawo cikon 20." Cikon furotin, cikon ayon, cikon kalsiyam, duk sun zauna a baki. Har ƙa'idar shansu tana faɗuwa ba gargada: kada a haɗa cikon ayon da na kalsiyam, a ba da tazarar awa 2, don ɗaya yana tare wa ɗaya hanya. Ciko dai ba ya gina tsoka shi kaɗai, sai an sa ta aiki da ɗaga nauyi.

Hajiyar da ta tuna mana cewa ciko yana da wata ma'ana a wajen kwalliyar mata, na ji, kuma na yi dariya. Amma da zarar an ce "cikon abinci" ko "cikon bitamin", ba mai ruɗewa.

Inda da sauran rina a kaba shi ne "metabolizim". "Narkewar abinci" da ake yawan rubutawa ba daidai ba ce, narkewa a ciki da hanji take ƙarewa, wannan kuwa aikin da kowace ƙwayar halitta ke yi ne na mayar da abin da aka tsotsa ya zama kuzari ko nama. Ina karkata ga "sarrafawar jiki", don za a iya cewa ta ragu ko ta ƙaru. Wani ya kawo "ƙonin jiki", sai dai tana kama da wanda wuta ta taɓa. Likitoci da malaman Hausa da ke nan, wacce kuke faɗa wa marasa lafiya su gane?