Wai me za mu kira gidan da ake jinyar shaho da mujiya?

Jama'a masu fassara ku taya ni. Turawa suna da wani wuri da suke ce wa raptor rehabilitation center, inda ake kai shaho ko mikiya ko mujiya da mota ta buge ko wayar lantarki ta ja, a ɗora ƙarayar a yi magani, in ya warke a sake shi ya koma daji. Akwai ɗaya a jami'ar Minnesota ta Amurka tun 1974, tsuntsaye wajen dubu ake kai musu a shekara, mikiyoyin da yawa gubar dalma ce ke kwantar da su don suna cin ragowar barewar da maharba suka harbe. Har gashin fiffike ake dasawa in ya karye, a yanko na wani tsuntsun a zura ɗan tsinke a haɗa su. To meye sunan wurin?

— Asibitin tsuntsaye kawai mana, ai Abu Dhabi ma suna da asibitin shaho tun 1999.

— A'a Malam, na Abu Dhabi galibi shahon kiwo ne, mai shi ya kawo ya biya ya ɗauki abinsa. Wannan ba shi da mai shi. Kuma kana cewa asibitin tsuntsaye wallahi kaji za a kawo maka.

— Gidan zu fa?

— Zu ai ɗaurin rai da rai ne. Ni gidan jinya na fi so, domin jinya ta wuce allura da magani, akwai ciyarwa, akwai babban keji da ake sa shi yana tashi yana sauka har ƙarfinsa ya dawo kafin a sallame shi.

— Na karɓi gidan jinya. Saura wanda ba zai saku ba, mai ido ɗaya ko fiffiken da ya ƙi ɗoruwa, da ake ɗora shi kan safar fata ana zagaya makarantu da shi, su ambasada suke ce masa.

— Jakada kenan.

— Haba Yaya, jakada ai aiko shi ake yi kuma yana komawa gida. Wasu ma lafiyarsu kalau, sabo ne ya hana su. Kamar Challenger, mikiyar da guguwa ta jefo daga sheƙa a jihar Louisiana ta Amurka a 1989, mutane suka raine ta har ta ɗauka ita ma mutum ce, aka sake ta ta dinga bin mutane neman abinci, ƙarshe filayen wasa aka riƙa kai ta tana shawagi. Kuma ba kowa ke ajiye su ba sai da lasisin gwamnati, can ko gashin mikiya ka tsinta ka riƙe laifi ne. Ni dai tsuntsun faɗakarwa zan ce, aikinsa kenan.

— To raptor ɗin fa, tsuntsaye mafarauta?

— Ungulu za ta ba ka matsala, ba ta farauta amma suna lissafa ta ciki, ƙungiyar VulPro ta Afirka ta Kudu ma tun 2007 jinyar ungulaye ne aikinsu. In ka ce maciya nama kowa ya shiga.

— Shikenan, na rubuta gidan jinyar tsuntsaye maciya nama, da tsuntsun faɗakarwa. Ya ɗan yi tsawo, a kanun labari sai in bar shi gidan jinyar tsuntsayen daji.