Neman Ophioglossum: wace kyamara, wane lokaci?

Ɗan Lambu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina son ɗaukar hoton ƙaramin tsiron nan, Ophioglossum lusitanicum, mai ganye da ɗan tsinke kamar harshen maciji. Waya za ta isa?

Hajiya Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Abin da da ƙyar yake wuce santimita 2? Nemi gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, ko da na maƙalawa a waya ne.

Malam Tsirrai: Kafin zancen gilashi, ƙanina, ka ji wannan. Akwai wani falalen dutse mai 'yar ƙasa a kai, inda ruwa ke kwanciya, duk shekara ina zuwa ganin tsirran nan a can. Na kai wani baƙo, na roƙe shi ya rufa asirin wurin. Ya sa hoton a intanet da bayanin GPS a jikinsa. Da na koma, duk an tattake gefen, ga ramuka inda aka tone su. Wallahi raina ya ɓaci, don wanda ya tona ma bai ci riba ba. Tsiron nan ya dogara da wata irin fumfuna da ke cikin ƙasar, da wuya ya rayu a tukunya. Ka kashe GPS kafin ka ɗauka. Ka duba inda za ka ɗora gwiwa, don wanda ka gani yana da 'yan uwa a ƙarƙashin ƙafarka.

Ɗan Lambu: Subhanallahi. Na ji, Malam.

Baban Yara: Waya ta wadatar, Hajiya. Kyamara tsada kawai.

Hajiya Mai Hoto: Alhaji, turo naka mu gani. Na bara ai ciyawa ka ɗauko mana 😄

Baban Yara: Iska ce ta kaɗa!

Hajiya Mai Hoto: To, da sassafe ake zuwa kafin ta taso. Ɗan Lambu, ka ajiye kyamarar a ƙasa, ka ƙuntata ƙofar hasken gilashin zuwa f/11, in ba haka ba ganye ya fito, tsinken ya dushe. Ka jingina tsinken ashana a gefe a ga girmansa.

Ɗalibar Kimiyya: Kun san ɗan uwan tsiron nan, reticulatum, yana da kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, fiye da 1,200? Mu mutane 46 kawai.

Baban Yara: Ikon Allah!

Ɗan Lambu: Lokacin fa? Ba wanda ya faɗa min.

Malam Tsirrai: Lokacin da ƙasa ke da danshi, ciyawa ba ta yi tsawo ba. Da ta bushe, ganyen ya ɓace. Kira ni, ba a nan ba.