GTX 1060 ɗina ya fara gajiya: in canza kati ko in ƙara haƙuri?

Mai Tsohon Kati:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi inda ba za su amfane ni ba.

Ga abin da ke cikin kwamfutata: katin girafik GTX 1060 mai 6GB, furosesa Ryzen 5 2600, madabod B450, ram 16GB, akwatin wuta mai 450W, monita 1080p mai 60Hz. Wasannin duk a kan SSD suke.

Tsakani da Allah katin nan bai ci amanata ba. GTA V da eFootball suna tafiya lafiya lau, Forza Horizon 5 ma a matsakaicin saiti ba ni da ƙorafi. Inda yake ba ni ciwon kai shi ne Cyberpunk 2077. In ina bayan gari babu laifi, amma da na shigo tsakiyar birni inda mutane da motoci suka cunkushe, sai firem, wato yawan hotunan da ake nunawa a sakan, ya zube ƙasa da 40, hoton ya riƙa tsinkewa, in juya kyamara sai ta ɗan tsaya sannan ta biyo ni. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Doom: The Dark Ages. Ba wai yana tafiya a hankali ba ne, ko buɗewa ba ya yi. Ni kuwa wasan nan nake son bugawa, ba wani ba.

Abin da nake dubawa: RX 6600 ko RTX 3060 na hannu, ko RTX 4060 sabo, ko kuma in daure in tara har in kai ga kati mai 16GB. Akwatin wutar nan zai ɗauka? Kuma in na sa sabon kati, furosesar ba za ta riƙe masa ƙafa ba? Masu sani a taimaka.

Injiniya Shiru:

Wa alaikumus salam ƙanina. Matsala biyu ka kawo a buhu ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta Doom ita ce mai sauƙin bayani. GTX 1060 ya fito a 2016, kafin Nvidia ta fara sa sashen bin sawun haske (ray tracing, mai lissafa yadda haske ke tafiya a wasa) a cikin katunanta, wanda ya zo da jerin RTX 20 a 2018. Shekaru da yawa wannan abu ado ne, ka kunna in kana so, ka kashe in ba ka so. Yanzu wasu wasannin a kansa aka gina haskensu gaba ɗaya. Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 haka yake, Doom: The Dark Ages na 2025 ma haka. Babu saitin da za ka rage, babu direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da za ka sabunta ya buɗe maka. Abin da wasan ke nema babu shi a jikin katin, shi ke nan.

Amma ka je ka karanta mafi ƙarancin abin da masu wasan suka ce a tanada. A kati sun ce RTX 2060 Super ko RX 6600, mai 8GB. A furosesa sun ce mai ƙwaƙwalwa (core) 8, irin Ryzen 7 3700X ko Core i7 10700K. Taka 2600 ƙwaƙwalwa 6 gare ta, kuma ta girmi 3700X da zubi ɗaya. Wato ko ka canza kati yau, a takarda dai har yanzu kana ƙasa da layin. Wasan zai buɗe, amma kada ka sa rai da santsi.

Ta Cyberpunk kuwa, kada ka sayi komai sai ka auna. Sauke MSI Afterburner, ka kunna bayanan da yake nunawa a kusurwar allo. Abu huɗu nake so ka duba: kashi nawa na ƙarfin katin ake amfani da shi, zafinsa, memorin katin nawa ya cika, da aikin kowace ƙwaƙwalwa ta furosesa daban daban, ba jimillarsu ba. Ka je daidai wurin da wasan ke tsinkewa ka tsaya. In kati yana 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya gaza. In ya sauko 70 ko 75 alhali firem na zubewa, to zaman jira yake yi, wani ne bai kawo masa aiki a kan lokaci ba. Akwai kuma gwaji na biyu da ba ya ƙarya: sauke girman hoton zuwa 720p a wannan wurin. In firem ya yi tsalle, kati ne. In bai motsa ba, ka ga furosesa ko ram.

Sannan ka faɗa mini, ram ɗin nan 16GB sanda ɗaya ce ko biyu?

Ɗan Ƙwallo:

Haba Injiniya, kai kullum sai an yi aune-aune kamar za a gina gada. Katin 2016 ne fa! Yaya, ka sayi 4060 ko 5060 ka huta. 4060 wutar 115W yake ci, naka na yanzu 120W, ka ga ko akwatin wuta ba sai ka taɓa ba. Ga DLSS, dabarar Nvidia ta zana ƙaramin hoto a faɗaɗo shi don firem ya ƙaru, wanda 1060 ba zai taɓa samu ba. Ni daga 1050 Ti na tsallaka, ranar farko sai da na sake buɗe duk tsofaffin wasannina don kawai in kalla. Kuma Nvidia ta daina fitar da direbobin sababbin wasanni ga jerin GTX 10 tun Oktoban 2025, gyaran tsaro kawai ya rage. Me kake jira?

Hajiya Mai Linux:

Ɗan Ƙwallo, maganar wuta ka yi gaskiya. Inda ban bi ka ba shi ne memori: 4060 da 5060 duk 8GB ne. Mutum ya riƙe kati mai 6GB tsawon wannan lokaci, ka ce ya canza don ya ƙara 2GB kacal? Irin wanda ke riƙe kati shekara da shekaru, memori ne zai fara kama shi, ba gudu ba. Doom ɗin da yake magana a kai ma, 8GB ne ƙasan layinsa, ba tsakiya ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A PCIe, hanyar da ke haɗa kati da madabod, 4060 da RX 6600 layi 8 kawai suke amfani da shi, ba 16 ba. A madabod mai PCIe 4.0 wannan ba komai ba ne. Amma B450 a 3.0 take, ko wace furosesa ka ɗora mata, don haka hanyar ta ragu rabi. Muddin wasa ya zauna cikin memorin kati ba za ka ji bambanci sosai ba. Ranar da 8GB ya cika, kati ya fara aron ram ta wannan ƙuntatacciyar hanya, a nan za ka ga tsinkewar da ka gudo daga gare ta ta biyo ka. RTX 3060 mai 12GB ya fi 4060 tsufa kuma bai kai shi gudu ba, amma layi 16 gare shi da memori mai yalwa. A madabod irin taka ni ba zan raina shi ba. Ka dai tabbatar mai 12GB ne, don akwai 3060 mai 8GB, sunan ɗaya, ƙarfin ba ɗaya ba.

Kuma don Allah kada wani ya lallaɓe ka da RX 6500 XT don sunansa ya yi kama da 6600. Layi 4 ne, memori galibi 4GB. A PCIe 3.0 ba ci gaba ba ne a wurinka.

Ban da Doom ɗin nan, da cewa zan yi ka zauna da katinka. Monitarka 60Hz ce, ba za ta nuna maka fiye da firem 60 a sakan ba ko da katin yana fitar da 150. Ga FSR, takwaran DLSS na AMD, yana aiki a 1060, duk da cewa a 1080p hoton yana ɗan dushewa, tunda daga 720p yake faɗaɗo shi a saitinsa mafi kyau.

Mai Tsohon Kati:

Na gode ƙwarai. Yaya Injiniya, na auna.

A bayan gari kati yana 99, firem tsakanin 50 da 55. A tsakiyar birni kati ya sauko wajen 75, firem 36 zuwa 40. Na sauke zuwa 720p a wurin, ƙarin da na samu bai taka kara ya karya ba, firem biyu ko uku. Memorin kati yana wajen 5.6GB. Zafi kuwa 83 ya kafe, ba ya hawa ba ya sauka, fankokin suna ihu.

Ram sanda ɗaya ce. Haka aka haɗa mini ita, ramuka uku babu komai.

To yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa. Kenan ko na sayi kati, birnin nan haka zai ci gaba da yi mini?

Injiniya Shiru:

Ƙwarai kuwa. Da ka ɗora 4060 a kan wannan kwamfutar yadda take, bayan gari zai yi maka daɗi, ka shigo birni ka tarar da 40 ɗinka na nan tana jiranka, sai dai yanzu kati zai nuna 40 ko 45 cikin ɗari maimakon 75. Mutane da motocin da ke yawo a titi, furosesa ce ke lissafinsu, kati zane kawai yake yi.

Sandar ram ɗin nan ita ta fi ba ni haushi. Ryzen hanya biyu take da ita zuwa ram, kai kuma ka toshe ɗaya. Nemo wata 16GB mai gudu iri ɗaya, in da hali ma kamfani ɗaya da lamba ɗaya. A yawancin madabod mai ramuka huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sawa, amma duba littafin taka. Sannan shiga BIOS, saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kunna XMP, mai ba ram cikakken gudunsa, wasu madabod suna kiransa DOCP, in ba haka ba ram ɗin zai zauna a 2133 ko 2400 ko da an rubuta 3200 a jikinsa. Wannan kaɗai yakan rage irin tsinkewar da kake gani in ka juya kyamara, kuma shi ne mafi arha a duk abin da muka lissafa.

83 ɗin da ka ga ya kafe ba sa'a ba ce. Nan ne iyakar da katunan wannan zubi suke fara rage gudu da kansu don kada su wuce. Cire katin, ka busa ƙurar da ke tsakanin ƙarafan sanyaya, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta. In kana da hannu, kwance kusoshi huɗun nan na baya masu sifirin, ka goge tsohon man da ya bushe a kan cif ɗin, ka sa sabo ɗan kaɗan. Man da ya shekara haka yakan koma kamar busasshiyar laka, yana farfashewa. Ko sayar da katin za ka yi daga baya, gara ka sayar da shi yana sanyi.

Sa'arka ɗaya, soket ɗinka, wato mazaunin furosesa, AM4 ne. B450 tana karɓar Ryzen 5000 in an sabunta BIOS. Ryzen 7 5700X ƙwaƙwalwa 8 ce, 65W kamar taka ta yanzu, ta wuce layin da Doom ya gindaya, ba sai ka canza madabod ko ram ba. Windows ɗinka ma ba sai ka sake ɗorawa ba.

Ni in nawa ne, ram da shara yanzu. Furosesa ta biyo baya. Kati ya zo a ƙarshe, kuma a nan ina tare da Hajiya: 12GB ko 16GB. RX 9060 XT da RTX 5060 Ti duk suna da nau'in 16GB da nau'in 8GB, ka karanta kwalin da kyau. Intel Arc B580 ma 12GB ne, amma shi sai da Resizable BAR, saitin BIOS da ke ba furosesa damar isa ga memorin kati gaba ɗaya, yake sakin jiki, kuma ba ya shiri da tsofaffin furosesa, don haka kada ka kawo shi kan 2600.

Ɗan Ƙwallo:

To amma duk wannan zagayen, Doom ɗin da bawan Allah ya ce yana so fa? Ram ba zai buɗe masa shi ba, 5700X ma ba zai buɗe ba. In wasan ne damuwarsa, kati ne farko. Sauran su biyo.

Injiniya Shiru:

Wannan kuma gaskiyarka ce, ba na musu. Ya rage nasa: wasa ɗaya ya buɗe yau yana ɗingishi, ko duk sauran su gyaru yanzu shi kuma ya jira. Ram ɗin dai ko ta wace hanya ya bi, kada ya bar shi.

Baba Mai Gyara:

Ɗana, tunda ka ambaci na hannu, ga abin da nake gani a teburina. Kada ka karɓi kati sai an kunna shi a gabanka. Ka sa wasa mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark ya yi minti 15 zuwa 20, idonka a kan zafi, kunnenka a kan fanka. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka suna gilmawa a allo, memorin ya fara mutuwa, ajiye musu kayansu. Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka tabbatar abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a waje. Gwada kowace kafa, HDMI da DisplayPort duka.

Akwatin wutarka kuma, ba 450 ɗin da ke kwali za ka duba ba, karanta takardar da ke manne a gefensa ka ga nawa yake bayarwa a layin 12V. Sannan duba wayarsa. Yawancin 1060 filogi mai ƙafa 6 suke ɗauka, wanda ke ba da 75W. Sababbin nan galibi mai ƙafa 8 suke so, 150W. In akwatinka ba shi da mai 8, kada ka sayi ɗan mahaɗin nan da ke ɗauko wuta daga wayar SATA, irin wadda ke kai wa SSD wuta. Ba a yi ta don wannan nauyin ba, na sha ciro su a narke. RTX 3060 170W yake ci, kuma 550W aka ba da shawara a haɗa shi da shi. Tsohon akwati mai 450W wanda ba a san asalinsa ba, ni canza shi zan yi. Ka kuma auna tsawon kes ɗinka kafin ka ɗauko kati mai fanka uku.

Mai Tsohon Kati:

Allah ya saka da alheri, Baba. Na duba, wayar mai 6+2 ce, layin 12V kuma an rubuta 408W. Zan fara da ram da man sanyaya, in sake aunawa a wuri ɗaya in kawo muku lambobin. Yaya Injiniya, tambaya ɗaya: BIOS ɗin, da tsohuwar furosesa a ciki zan sabunta ko sai na sa sabuwar?

Injiniya Shiru:

Da tsohuwar a ciki. In ka fara sa 5700X a kan tsohon BIOS, allon baƙi za ka gani. Ɗauko fayil ɗin daga shafin kamfanin madabod ɗinka, na ainihin lambar taka, ka karanta bayanin da ke gefensa, don wasu sai an bi ta wani tsohon zubi kafin a kai na ƙarshe. In ya fara, kada ka taɓa komai sai ya sake tashi da kansa. Bayan nan saitin ram zai koma yadda ya zo, sai ka sake kunna XMP.