Shin Daɗewar Jiƙo Ce Ke Sa Tsiron Dawa Ya Yi Zaƙi?

Hajiya mai kunun zaƙi, Unguwar Rogo: Ni dai ra'ayina, idan ana son tsiron da zai tsinka kunu ya kawo zaƙi ba tare da an zuba sukari da yawa ba, sai dawa ta kwana uku a ruwa.

Malam mai hatsi, Bukur: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ƙwayar hatsi tana da rai kuma tana numfashi. Idan ta daɗe a ruwa guda, ruwan zai yi tsami yana kumfa, ƙwayoyi da yawa su mutu. Kwana ɗaya ya wadatar, muddin ana tsiyaye ruwan ana barin ta ta sha iska, har ƙwaya ta lotsa tsakanin yatsu, ɗan farin baki ya leƙo.

Ɗalibar kimiyyar abinci: Zaƙin yana fitowa ne daga sinadarin amilas, wanda ke mayar da sitaci sukari, kuma akasarinsa yana samuwa ne a kwanaki huɗu ko biyar na tsirowa, lokacin da aka baza dawa aka rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa. Dawa tana son ɗumin digiri 25 zuwa 30, saɓanin sha'ir mai son kusan 15. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt sun koma ga dawa, kuma wannan bambanci na cikin abin da suka yi fama da shi.

Hajiya: 'Yata, ai kin kawo hujjata da kanki. A hunturun Jos, ruwan randa kamar ƙanƙara yake, dawa ba ta shan sa da wuri. Kwana ɗayan Malam lissafin bazara ne.

Malam: Wannan gaskiya ce, sai dai maganinsa shi ne a jiƙa da ruwa mai ɗan ɗumi, a ajiye a ɗakin girki.

Ɗaliba: Mama, ko kwana nawa aka jiƙa, a shanya tsiron ya bushe ƙarau, a murje saiwa da toho a sheƙe, domin a nan gubar sayanayid take taruwa. Wanda ya yi fumfuna kuwa a zubar.

Hajiya: Murjewa kam tun kakanni ake yi. Batun kwana ukun ne ban janye ba, sai an gwada tsiron kowa a tukunya.